Ciwon Litinin a Ɗakin Shiɓa

Rannan ɗaya daga cikinku ta miƙo mini waya ta ce, "Baba Inuwa, ga malamar da kuke yawan ambato." Na sa tabarau na duba. Sunan Sista Hannatu ne, a ƙarƙashinsa jerin rubuce-rubucenta, kowanne da lamba a gefe, wai yawan masanan da suka dogara da shi ke nan a nasu aikin. To, madalla. Ni ban iya wannan awon ba, kuma ban raina shi ba. Amma tun da aka turo ku koyon aiki asibitin masana'anta nake ganin kuna yatsina fuska, har na ji wani yana cewa wurin raba ƙwayar ciwon kai ne da barcin rana. Kai da ka faɗa, na gane muryarka, ba sai ka sunkuyar da kai ba. Ku gyara zama in gaya muku yadda ɗaya daga cikin rubuce-rubucen nan ya samo asali, don a gabana aka yi.

Aikina na farko a masaƙar nan ta Bompai ɗan yatsa ne. Ko jakata ban ajiye ba aka shigo da wani masaƙi, bel ɗin inji ya kama masa hannu, an naɗe hannun da ƙyallen da ake goge baƙin mai. Ni na fito makarantar koyon jinya da farar riga mai guga, na sha karatu, amma da na ga jini ya haɗu da baƙin mai sai na tsaya ina neman inda zan fara. Baba Dogo, tsohon da na tarar yana riƙe da asibitin tun kafin a haife ni, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ɗaga hannun sama da kansa. Danne nan. Kada ka kalli fuskarsa, kalli ciwon." Ya wanke da ruwan gishiri, ya cire ɓurɓushin zare ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ya ɗinke, yana yi yana tambayar mutumin lafiyar gonarsa ta gyaɗa. Ɗan yatsan nan bai tafi ba. Ya ɗan karkace, amma da shi mutumin ya ci gaba da ƙulla zare har ya tsufa.

Kayan aikinmu ba su cika kabad ɗaya ba. Sirinji na gilashi ne, ba na yarwa irin naku ba. Kowace safiya sai na kunna risho, na jera su a tukunya tare da allurai, su tafasa, in tsamo su da hantsaki. Allura in ta dakushe ba a jefarwa, ana wasa ta. Ga aidin na shafa wa ciwo, ga auduga da bandeji, ga almakashi, ga ma'aunin zafi, ga abin sauraren ƙirji da robarsa ta tsattsage muka naɗe da filasta, ga galan na maganin tari baƙi ƙirin wanda ma'aikata suka yi imani da shi saboda ɗacinsa. Baba Dogo ya koya mini wanke ido in tsinin waya ya faɗa, da ɗaure ƙuna ta tururi, da gane wanda ke ciwo da wanda ke neman takardar hutu don zuwa biki. Ya koya mini kuma in riƙa gaisawa da mutum kafin in taɓa shi. Da ya gaji ya koma gida, asibitin ya dawo hannuna ni kaɗai.

Mutanenmu kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan gari, manoman Hotoro da ƙauyukan gefe da suka shigo aikin kamfani amma zuciyarsu na gona, da damina ta faɗi sai ciwon baya ya yawaita. Akwai mutanen kudancin Kaduna da na Filato da ke haya a unguwannin Birget da Badawa. In jiniya ta yi kuka da safe, titin nan kekuna ne kawai, kowa da ƙullin abincinsa a bayan keke. A ciki ba ka gane wane ne wane, don duk wanda ya fito daga ɗakin shiɓa fari fat yake fitowa, har gashin ido.

Ɗakin shiɓa shi ne inda ake kwance dilar auduga, injuna su barbaza ta su tsefe ta kafin a kai ta wajen kaɗi. Ƙurar wurin ba ta kwanciya. In ka tsaya a wannan bango da ƙyar kake hango wancan. Da safiyar Litinin kuma, kafin a tada injuna, sai a ɗauko tiyo mai iska a hure audugar da ta maƙale a jikinsu, ɗakin ya turnuƙe gaba ɗaya. Abin da kamfani ke ba mutanen ɗakin don kariya shi ne madarar gwangwani. Kowa ya yarda madara na wanke ƙirji, daga manaja har mai shara. Da yawa ma ba sha suke ba, gida suke kaiwa a zuba wa yara a koko.

To, a wannan ɗakin ne ake da abin da ake kira ciwon Litinin. Kowace Litinin, kafin azahar, sai ka ga mutane sun jeru a bencina suna riƙe da ƙirji, wai kamar an ɗaure su da igiya, numfashi ba ya kaiwa ƙasa. In na sa abin saurare na kan ji 'yar shessheƙa, in ba da baƙin maganin tari, Talata su samu sauƙi, Alhamis kamar ba su ba. Kuma waɗanda ke zuwa ɗin kusan duk Kiristoci ne. Saboda haka magana ta zauna a bakin kowa cewa burkutun ranar Lahadi ce ke tambayar su. Heluma, wato shugaban leburorin ɗakin, ya faɗa, direbobi suka faɗa, mai sayar da shayi a bakin ƙofa ya faɗa. Har in mutum ya yi hamma ranar Litinin sai a ce masa, "Yaya, jiya an leƙa Sabon Gari ne?" A yi dariya a wuce.

Bulus shi ne ya fi kowa zuwa. Mutumin wajen Zonkwa ne, gajere kakkaura, mai murya kamar ganga, shi ke jan waƙa a cocinsu. Wannan muryar ce ma ta ƙara jawo masa. Heluma ya kan ce, "Jiya tun daga titi ake jin ka kana rera waƙa, yau kuma ka ce ba numfashi? Wa za ka mayar yaro?" Bulus ya rantse mini ba sau ɗaya ba. Ya ce, "Malam Inuwa, tun da na yi baftisma giya ba ta taɓa bakina ba. Ranar Lahadi lafiyata lau. Da na shiga ɗakin nan Litinin sai ƙirjin ya rufe." Na yarda da shi, don na shinshina bakin mashaya da yawa a aikin nan, na san bambanci. Amma a makaranta an koya mana tarin fuka da asma da ciwon haƙarƙari, ba a koya mana ciwon da ya san ranakun mako ba. Ba ni da sunan da zan rubuta masa, kuma ciwon da ba shi da suna ofis ba ya ganin sa.

Sai ga shekarar tsuke bakin aljihu. Ku ba ku gan ta ba. Kayan gyaran inji suka daina shigowa, rini ya yi wuya, aka kashe rabin injuna aka lulluɓe su da tamfol. A Sharaɗa da Challawa kullum sai ka ji wani kamfani ya rage mutane. Aidin ma sai da na riƙa tsarma shi. Mu ma aka ce za a rage, kuma za a fara da masu yawan fashin aiki. Alhaji Sabo, manajan ma'aikata, ya kira Bulus ya ce masa ƙarshen wata ya zo ya karɓi sallama. Alhaji Sabo ba mugu ba ne, ku rubuta wannan. Masu kamfani sun matsa masa, dole wani ya tafi, shi kuma ya ɗauka yana zaɓar wanda ya jawo wa kansa ne. Bulus ya zo ya zauna a bencina, ba don magani ba. Ya ce, "In rashin aiki ne kawai, da sauƙi, zan koma gida in yi noma. Amma a ce an kore ni don shan giya? Da wane ido zan tsaya gaban jama'a ranar Lahadi? Me matata za ta gaya wa yara?" Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, na ba shi ruwa ya sha.

A cikin wannan watan Sista Hannatu ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce kamar ni, amma ta ƙara karatu a fannin lafiyar al'umma, tana koyarwa a jami'a, tana zagaya masaƙu tana binciken numfashin ma'aikata. Da aka ce mini za a kawo mai bincike na ce, to, ga wata za ta zo ta sha mana iska ta tafi. Sai ga mace siririya ta sauko daga motar haya da jaka a kafaɗa, ta ce, "Malam Inuwa, an ce ku ne uban gidan nan. Na zo koyo ne." Na ce a raina, ka ji daɗin baki. Amma kafin ta zauna ta ce in kai ta inda masu ciwon suke aiki. Na ce ai marasa lafiya nan suke zuwa. Ta ce, "Nan suke zuwa, amma ba nan suke kamuwa ba." Ta ɗaure kanta da ɗankwali muka shiga ɗakin shiɓa. Ta daɗe a ciki, tana tsayawa inda kowane mutum ke tsayawa, tana shafa bango tana duba tafin hannunta. Ta fito fari fat kamar kowa, tana tari, ma'aikata na yi mata dariya tana taya su.

Abin aikinta wani ɗan gwangwani ne mai bututu da allura irin ta agogo. Ka cika ƙirji da iska, ka hura da ƙarfi sau ɗaya, allurar ta nuna iyakar ƙarfin numfashinka. Nan take ma'aikata suka sa masa suna algaitar Sista. Ta koya mini yadda ake yi: mutum ya tsaya a tsaye, ya kama bututun da leɓe kada iska ta zurare, a maimaita, a ɗauki wanda ya fi, a wanke bakin da ruwan magani kafin na gaba. Tana so kowa ya hura kafin ya shiga aiki, ya sake hurawa in ya tashi, ranar Litinin da ranar Alhamis. Bulus ya hura da safe, allura ta tafi da nisa. Da yamma ko rabin tafiyar ba ta yi da kyau ba. Alhamis kuwa safe da yamma kusan ɗaya. Ta ce mini an san wannan ciwo a ƙasashen da suka riga mu saƙa da inji. Ƙurar auduga ce. In jiki ya huta da ita ya dawo, ranar farko ce ke kama shi, in kuma aka daɗe ana shaƙar ta sai ya zama na kullum, ba ya sakin mutum. Madara kuwa, ta ce, ciki take zuwa, ƙura huhu take zuwa, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce.

Tabɗi! Wannan maganar ta madara ta kusa rusa komai. Kafin la'asar ta zagaye kamfani cewa matar nan ta zo ne ta sa a soke madara. Washegari ba wanda ya zo hura algaita. Sai da ta tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ta ce musu, "Ni ban ce a hana ku ba. Ku karɓa, ku kai wa yara, tana gina jiki. Cewa na yi kada ku dogara da ita." Wasu suka dawo. Amma Musulmin ɗakin shiɓa suka ce su Alhamis kawai za su hura, Litinin ba ruwansu, lafiyarsu ƙalau.

Muka je wurin Alhaji Sabo da abin da muka samu. Ya saurara da kyau, ya ce, "Sista, ban ƙi taki ba. Amma ƙurar nan tana tambayar addinin mutum ne kafin ta shige shi? Ɗaki ɗaya suke. Me ya sa Malam Ado bai taɓa zuwa asibiti ranar Litinin ba, alhali ya riga Bulus shiga ɗakin?" Malam Ado mutumin Hotoro ne, dattijo, shi ke jan mu sallah a filin da ke bayan asibiti, Alhaji Sabo kansa a bayansa yake sallah. Tambayar tana da ƙarfi. Sista ta ce ba ta da amsa tukuna, kuma ba za ta ƙirƙira ba. Na ji haushinta a lokacin, na ce ai da ta ɗan matsa. Ta ce, "In na faɗi abin da ban gani ba yau, gobe ko na faɗi gaskiya ba mai saye."

Litinin ta gaba na dawo daga sallar azahar na tarar da ita zaune a bakin tagar da ke kallon filin sallah. Ta ce, "Malam Inuwa, kullum haka sahunku yake tari?" Na ce wane tari? Ta ce in saurara in an zo la'asar. Na saurara kuwa. Wallahi daga kabbarar farko har sallama tari ne, wannan ya yi, wancan ya karɓa. Malam Ado kansa kabbararsa guntuwa ce, yana ja da ƙyar, sujada kuwa ba ya daɗewa. Ranar Alhamis na sake kasa kunne, sahu tsit, Malam Ado na jan kabbara har ƙarshen fili. Shekara da shekaru ina cikin sahun nan, kunnena ya saba har ya daina ji. Nan muka gane abin da ke faruwa. Ciwon na kama kowa. Sai dai tun da aka laƙaba masa sunan giya, ba Musulmin da zai yarda a gan shi a bencina ranar Litinin. Su daure, su sha citta da kanumfari a gida, su yi shiru. Shirun nasu kuma shi ya zama shaidar da ake kafawa a kan su Bulus.

Ranar Lahadi da yamma muka je Hotoro, ni a kan keke, ita a motar haya. Malam Ado ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa. Sista ta yi masa bayani a hankali, ba ta ɓoye komai ba, har da cewa in ya ci gaba da zama a ɗakin nan ciwon zai iya zame masa na kullum. Ya saurara yana jan carbi. Can ya ce, "Yarinya, abin da kika faɗa haka yake. Na fi shekara goma ina fama. Amma kin san me kike nema a wurina? Ni nake tsayawa gaban mutane. In aka gan ni a layin Litinin, gobe yaran unguwa za su ce liman ma yana taɓawa. Kuma a wannan shekarar, wanda ya ce ba shi da lafiya ai ya sallami kansa da kansa. Ina da iyali." Sista ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Ba zan ce muku ba hatsari ba. Kuma ba zan kai sunanku ko'ina ba sai da izininku." Ni ne na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, Bulus fa ƙarshen wata zai tafi, da sunan mashayi." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Na sani, Inuwa. Injina na kusa da nasa. In ƙirjina ya rufe shi ke ɗaga mini dila, bai taɓa gaya wa kowa ba." Ya raka mu bakin hanya, muka dawo jiki a sanyaye.

Litinin ɗin ita ce ta ƙarshe a watan. Da safe Malam Ado bai zo hura algaita ba. Bulus ya zo ya hura, ya ce mini, "Na ƙarshe ke nan, Malam, a ajiye don tarihi." Aka yi azahar. Da Malam Ado ya sallame, maimakon ya juyo ya yi addu'a kamar kullum, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Jama'a, ku ɗan dakata." Ya tsaya ya nemi numfashi. Ya ce, "Ni Ado, kun san ni. Ciwon da ake cewa na giya ne, ina da shi, yanzu haka yana kaina. Na ɓoye don kunya, wasunku ma sun ɓoye, na ji tarinku a bayana. Mun bar maƙwabtanmu da sunan da ba nasu ba. Ni dai zan je in hura abin nan. Wanda ya ga dama ya biyo ni." Ya sa takalminsa ya nufo asibiti.

Na riga shi isa da gudu don in buɗe ƙofa. Da na waiwaya, kusan duk mutanen ɗakin shiɓa na bayansa, wasu na kallon ƙasa, wasu na 'yar dariyar kunya. Benci ya cika, layi ya fita har waje. Bulus na gefe ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sista ta miƙa wa Malam Ado algaita da hannu biyu. Ya cika ƙirji ya hura, allura ta ɗan motsa ta tsaya, ƙasa da ta Bulus ma. Alhaji Sabo yana tsaye a bakin ƙofa da carbinsa a hannu, ya ga komai. Sannan ya ce, "Malam, me ya sa ba ku taɓa gaya mini ba?" Malam Ado ya ce, "Alhaji, da na gaya muku, me za ku ce na sha?" Alhaji Sabo ya sunkuyar da kai. Ya juya wurin Bulus ya ce, "Bulus, ka yafe mini. Maganar sallama a bar ta."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Shekarar ba ta da kuɗin sayen fankar zuƙe ƙura, sai bayan shekaru aka kafa ta. An rage mutane duk da haka, ta wata hanyar, kuma na san wasu da suka tafi suna kuka. Amma an yi abin da ba ya cin kuɗi. Aka daina hure injuna da iska mutane na ciki, aka koma gogewa da jiƙaƙƙen tsumma da share ƙasa bayan an yayyafa ruwa. Aka samo abin rufe hanci, na yi ta faɗa da mutane kafin su saba da shi. Waɗanda ƙirjinsu ya fi taɓuwa aka fitar da su daga ɗakin. Malam Ado ya koma wajen ninke yadi, Bulus ya koma sito. Madara kuwa ba a soke ba, Sista ta tsaya a kan haka. Algaitar ma ta bar mana ita da za ta tafi, ta ce in ci gaba da auna duk sabon ɗauka.

Ta zagaya wasu masaƙun, ta je wajen masu jima a Challawa, ta rubuta abin da ta gani. Ta aiko mini da kwafi, Turanci ne mai nauyi, na karanta da ƙamus a gefe. Ba sunan Bulus, ba na Malam Ado, haka ƙa'idar take. Amma akwai wurin da ta yi gargaɗi cewa mai jinya kada ya tsaya ga waɗanda suka zo bencinsa, ya tambayi kansa su wa ba su zo ba, kuma me ya hana su. Daga baya na ji ta zama farfesa, ɗalibanta sun bazu. Ban sake ganin ta ba sai sau ɗaya a wajen wani taro, ta bar manyan mutane a tsaye ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, abin da ta fara tambaya shi ne ƙirjin Malam Ado. Na ce mata ya yi ritaya da ƙafarsa, yana jan sallah a unguwarsu.

'Yan shekarun baya aka turo mini wata ɗaliba koyon aiki, kamar ku ɗin nan, ita ma tana yatsina. Ban gaya mata komai na wannan labari ba. Aka kawo wani sabon ma'aikaci yana tari, na ce ta duba shi in gani. Na zaci za ta miƙa hannu ga galan ɗin maganin tari. Sai ta ja kujera ta zauna, ta gaishe shi, ta ce, "A wane ɗaki kake aiki? Wace rana ce a mako ta fi takura maka? Akwai abokan aikinka masu irin wannan da ba su zo ba?" Na ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "A makaranta ne, Baba. Ai kowa ya sani, yana cikin abin da ake tambayar mu a jarrabawa."

Bulus na zaune a benci ranar, ya zo awon jini, kansa ya yi fari, wannan karon ba da auduga ba. Ya fashe da dariya, muryar nan tasa ta cika ɗakin har ɗalibar ta tsorata. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "'Yata, tambaye shi da kyau. A nan aka samo tambayar nan."